Ta'aziyyar mai gurmi ta hanyar Jibiya

Malam Maman Barka ya rasu a Yamai ranar Laraba 21 ga Nuwamban 2018, cikin makon Maulidi. A Katsina labarin bai ɗaga ƙura ba. Lahadin da ta gabata aka buɗe fagen yaƙin neman zaɓen 2019, motoci masu lasifika sun cika gari da waƙoƙin jam'iyya, ga zagayen Maulidi na 'yan Islamiyya, kowa da abin da ya sha masa kai. Waɗanda mutuwar ta taɓa su ne direbobin tasha da masu shayi da teloli, da duk wanda ya yi samartakarsa a zamanin kaset. A bakinsu ne za ka ji ana cewa, ashe mai gurmin nan na Nijar ya riga mu gidan gaskiya.

Ni ta waya na ji, daga bakin kawuna da ke Maraɗi. Ƙanin mahaifiyata ne, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda bayan ya ajiye alli ya buɗe rumfar sayar da kaset, yana nan a kai har wayar hannu ta zo ta kashe sana'ar. Ba dangin Barka ba ne, ba kuma maƙwabcinsa ba, amma muryarsa ranar ta wanda aka yi wa rasuwa a cikin gida ce. Da na gaya wa Inna sai ta ce, "Ka shirya ka je ka yi masa gaisuwa. Wannan mutuwa tasa ce." Yamai ta yi nisa, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, kuma ba wanda ya san ni a gidan mamacin. Maraɗi kuwa ga ta nan kusa, ba ta kai kilomita 100 daga Katsina ba.

Ranar Asabar da hantsi na shiga motar Jibiya, irin tsofaffin ƙananan motocin nan da ake cusa mutum biyu a gaba, huɗu a baya. A gaba akwai wani malami mai rawani da dogon carbi, kusa da shi wani dattijo da ya yi barci tun kafin mu fita gari. A baya ni ne, da wata Hajiya 'yar kasuwa mai kai robobi da atamfa Maraɗi, da jikarta, da wani saurayi ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wanda ya ƙi yarda a sa jitarsa a but. Ya rungume ta tsakanin ƙafafunsa, wuyanta yana dungurar rufin mota duk lokacin da muka faɗa rami.

An gama kaka. Daga barikin Natsinta zuwa Daddara gonaki sun yi fayau, sai karan dawa a tsaye da dammunan gero jibge a bakin rumbuna, hazon farkon hunturu ya lulluɓe itatuwa. Shingaye kuwa ba a magana: kafin direba ya sa giya ta uku ya sake taka birki. Ta cikin gonaki kana hango babura suna keta ƙura, wasu ɗauke da jarkokin fetur suna yin arewa, wasu da buhunan shinkafa suna yin kudu, don tun 2016 aka hana shigo da shinkafa ta kan iyakokin ƙasa. Kowa a motar ya gani, ba wanda ya tanka.

Bayan Daddara direba ya latsa rediyonsa, sai ga gurmin Barka. Gurmi ba wani babban abu ba ne. 'Yar ƙwarya ce da aka rufe da fata, aka soka mata sanda, aka ɗaura tsirkiya biyu. Amma a hannun wanda ya iya, tsirkiya ɗaya tana riƙe da tafiyar kiɗan, ɗayar tana magana, yatsa kuma yana ƙwanƙwasa fata yana cike gurbin ganga, har ka rantse mutum uku ne ke aiki. A nan gefenmu Haruna Uji na Haɗeja ya nuna abin da gurmi zai iya. Na Barka ya fi sauri da kaifi, akwai amon sahara a cikinsa, don shi Batube ne, haifaffen Tesker a arewacin jihar Damagaram, inda raƙumi ya fi mota amfani. Makaranta ya yi, ya zama malamin aji, daga nan lakabin Malam ya bi shi har cikin kiɗa. Ya yi waƙa da Tubanci da Barbarci, amma da Hausa ya shiga gidajenmu, yana waƙar soyayya da zaman duniya da gargaɗi, da lafazin mutanen gabas wanda ko cikin barci ka ji ka san ba Bakatsine ba ne.

Direba ya ce, "Allah ya jiƙan maza. Ran Laraba aka ce."

Malamin gaba ya ja carbinsa ya ce, "Allah ya gafarta masa. Allah ya sa ya tuba kafin ya cika."

Hajiya ta gyara mayafi. "Haba Malam, ya tuba daga me? Sata ya yi, ko kisan kai?"

"Hajiya, ba da ni za ki yi ba, da littafi za ki yi. Kiɗan tsirkiya malamai sun yi magana a kansa."

"To ai ku ma ranar sunan 'ya'yanku makaɗa kuke kira."

"Mata ke kira," in ji shi.

Direba ya rage sauti kaɗan don girmama rawani, amma bai kashe ba. Wannan gardama ta girme mu duka. Tun zamanin jihadi malamai suke sukar goge da garaya saboda zamansu da bori, kuma da aka ƙaddamar da shari'a a jihohin Arewa a shekarar 2000, Katsina na ciki, makaɗan gargajiya sun ga tasku. Bahaushe yana son makaɗi ranar biki, yana liƙa masa kuɗi a goshi, yana haddace waƙarsa, amma ranar da makaɗin ya zo neman 'yarsa sai a fara bincike. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya kafin ya rasu a watan Yunin 2015, duk da haka idan makaɗi ya mutu akwai wani sauti da ake furta "Allah ya yafe masa" da shi, wanda ba a yi wa ɗan kasuwa mai tauye mudu. Ba na ja da addu'ar, ba abin da mamaci ke bukata kamarta. Abin da ke damuna shi ne ana yin ta a tashi, ba wanda ke tambayar hannun wa kayan kiɗan za su faɗa.

Mun shiga Jibiya kafin azahar. Garin bai gama farfaɗowa ba daga ambaliyar tsakiyar watan Yulin 2018, wadda ta zo cikin dare ta kashe mutum fiye da 40, ta rusa ɗaruruwan gidaje. Ana ganin katangun da suka zube, da sabon tubali da ake bugawa a gefensu. Hajiya ta nuna mana wajen da gidan wata ƙawarta yake a da, yanzu sai yashi. Ruwan Jibiya ba ya tsayawa a Jibiya: kogin Gada, wanda aka yi wa madatsar ruwan garin, shi ne yake tsallakawa ya zama Gulbin Maraɗi, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi, sannan ya karkato ya dawo Najeriya ya haɗu da kogin Rima. A wancan daren ma haka ya yi, har wasu gawawwakin a cikin Nijar aka tsinto su. Jikar Hajiya ta tambaya ko ruwan zai dawo, kakarta ta ce ta yi shiru ta ci ƙosanta.

A Magama ake sauka. Nan ne bakin iyaka: manyan motoci jere suna jiran takarda, 'yan canji zaune kan benci da damin naira da sefa a hannu, 'yan kabu-kabu suna rige-rigen fasinja, masu tsire da masu fura, almajirai, da 'yan ci-rani da suka fara gangarowa kudu da 'yan ƙullin kayansu tunda aikin gona ya ƙare. Na canza kuɗi, na shiga lissafin jika da dala wanda kullum sai ya ɗaure mini kai kafin in saba. Mai fasfo ko takardar ECOWAS ya shiga a buga masa hatimi. Mutanen yankin kuwa da yawansu sallama ce takardarsu, don wanda gonarsa ke can gidansa ke nan ba zai nemi hatimi kullum safiya ba. Wani jami'i ya sa ɗalibin ya buɗe jakar jitarsa, ya leƙa ramin, ya girgiza ta, ya ƙwanƙwasa bayanta. Da ya tabbata ba komai a ciki sai iska, ya ce, "To kaɗa mana mu ji, in da gaske kake." Yaron ya ɗan taɓa irin kiɗan Agadas, jami'in ya gyaɗa kai, ya miƙa masa takardarsa.

Duk wanda ya tsaya a Magama ya dubi arewa, Katsina yake kallo, ko da tutar ta canza. Da mutanen Ummarun Dallaje suka ci birnin a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajajen 1819, kuma har gobe mai sarautar Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Shekaru da dama ƙasar da ke tsakanin biranen biyu fagen hari ce da ramuwa. Daga baya Ingila da Faransa suka zauna a teburinsu suka yi yarjejeniyar 1904 da ta 1906, suka turo jami'ansu Tilho da O'Shee suka bi daji suna kafa alamu daga kogin Kwara har tafkin Cadi, suka gama a 1908. Tun daga nan ake rufe wannan ƙofa ana buɗewa. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986. Bayan wannan tafiya tawa an sake rufe ta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka kuma maimaita bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023. Duk wannan bai taɓa hana kiɗa wucewa ba. Shata da Ɗanƙwairo sun cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram a cikin kwalayen kaset, Barka kuma ya biyo hanyar ya yi kudu a aljihun direbobi, har Kano da Zariya.

Muka sake mota zuwa Ɗan Isa, duk mu ɗin dai, ban da dattijon mai barci wanda Jibiya ce ƙarshen tafiyarsa. Bayan an gama da jandarmomi muka kama kwalta sosai, sai ɗalibin ya ciro wayarsa ya ce mini, "Yaya, kun san Paco de Lucía?"

Na san shi, amma na bar shi ya nuna mini. Wani mutum ne zaune kan kujera, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya kwantar da jita a cinya, idonsa a rufe, yatsunsa suna gudun da ido ba ya iya bi. Yaron ya ce shekara huɗu ke nan da mutuwarsa amma har yanzu idan ya kalle shi sai ya ji kamar ya ajiye jita ya kama wata sana'a.

Labarin Paco ya dace da wannan hanya fiye da yadda yaron ya zata. A 1947 aka haife shi a Algeciras, can ƙarshen kudancin Sifaniya, garin da shi ma bakin iyaka ne, inda jiragen ruwa ke tashi zuwa Maroko, ana hango duwatsun Afirka daga gaɓa. Kiɗan da ya gada, filamenko, ba kiɗan manya ba ne a da. Na talakawan Andalus ne, musamman al'ummar Gitano da aka daɗe ana ƙyama, ana yin sa a gidajen shaye-shaye da wuraren biki, mai jita kuma yaron mawaƙi ne, yana zaune a baya. Mahaifin Paco ya tsare shi tun yana ƙarami yana kaɗa jita sa'o'i masu yawa kullum. Ya girma ya yi shekaru yana aiki da mawaƙi Camarón de la Isla, sannan ya fito da jitar gaba ta tsaya da ƙafarta. A 1975 ya kai ta Teatro Real na Madrid, zauren da aka keɓe wa kiɗan masu hannu da shuni. Ya je Peru ya ga wani akwatin katako da ake zama a kai ana bugawa, ya kawo shi cikin filamenko, 'yan gargajiya suka yi ta gunaguni, yau kuwa da wuya ka ga ƙungiyar da ba ta da shi. Da zuciyarsa ta buga a Meziko ranar 25 ga Fabrairun 2014, yana da shekara 66, aka kawo gawarsa Madrid mutane suka yi layi, Yarima Felipe, wanda ya zama sarki bayan 'yan watanni, ya je ta'aziyya da kansa. Daga nan aka kai shi Algeciras aka binne, garin ya yi zaman makoki a hukumance. Makarantar koyon kiɗa ta garin sunansa take ɗauke da shi.

Ina ba yaron wannan labari, da na ambaci Andalus sai Malam ya juyo. Na gaya masa Paco yana da faifai na 1990 da ya sa wa sunan Ziryab, makaɗin nan da ya baro Bagadaza ya sauka Ƙurɗuba a shekarar 822, ya ƙara wa molon Larabawa tsirkiya ta biyar, ya kafa makarantar kiɗa a ƙarƙashin sarkin Musulmi.

Malam ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Shi ya sa Andalus ɗin ta faɗi."

Har direba sai da ya yi dariya. Hajiya ta ce, "Malam ba a kayar da kai."

Na tambayi ɗalibin ko ya iya gurmi. Ya ce bai taɓa riƙewa ba. Jita a waya ya koya, daga bidiyon Bombino da Abdallah Oumbadougou da irinsu Paco, ana tsayarwa ana maimaitawa har yatsa ya gane. "Gurmi wa zai koya mini? Sai in je in zauna gidan makaɗi in riƙa ɗaukar masa jaka. Kuma Yaya, in na shiga gida da jita, Baba zai ce shirmen 'yan lakwal ne, zai wuce. In na shiga da gurmi cewa zai yi na zama maroƙi." Ban ga laifinsa ba. Gaskiya ya faɗa, kuma ya faɗe ta a hanyar da ta fi kowace hanya jin gurmi.

Muka wuce mararrabar Madarunfa, inda tafki yake da kaburburan waliyyai da ake ziyara, muka shiga Maraɗi da la'asar.

Na sami Kawu a zaure kan tabarma, da mutum uku tsararrakinsa. Na durƙusa na ce, "Kawu, ya haƙuri? Ashe haka Allah ya yi ikonsa."

"Haƙuri sai ma'aiki, ɗana. Ka sha hanya. Ya ka baro yayata?"

Aka yi fatiha kamar yadda ake yi a kowane zaman makoki. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce mini tun ran Alhamis mutanen unguwa ke shigowa, wasu da zolaya suka fara, su ce Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, an yi maka rashi, amma kafin su tashi sai ka ga sun ɗaga hannu da gaske. Bayan magariba Kawu ya sa aka fito da wani kwali daga ƙarƙashin gado. Ragowar rumfarsa ce: kaset-kaset da rubutun hannunsa a jiki, na Barka a gefe guda an ɗaure su da kyauro. Ya ce a shekarun da kasuwar ke ci, direbobin Katsina da Kano su ne manyan masu sayensa, wani ya ɗauki goma ya kai tsaraba.

Sai ya ciro wani faifan CD daga ƙasan kwalin ya miƙo mini. A bangon ga Barka da rawani, rungume da wani abu mai siffar kwalekwale, da doguwar sanda lanƙwasasshiya da tsirkiya biyar.

"Wannan," in ji Kawu, "ko ɗaya ban taɓa sayarwa ba."

Biram ke nan, kayan kiɗan Buduma, masunta da makiyayan tsibiran tafkin Cadi. A wajensu ba abin wasa ba ne: sun ɗauka akwai iskan tafki mai suna Kargila da ke tsare da shi, kuma ba kowa ke taɓa shi ba sai wanda aka yi wa izini. Zuwa ƙarshen ƙarnin da ya wuce saura tsoho ɗaya aka sani da ya riƙe shi da waƙoƙinsa, Bukar Tar, samarin Buduma kuwa hankalinsu ya yi wani wajen. A 2002, da tallafin UNESCO, Barka ya tattara ya tafi bakin tafki ya zauna gaban tsohon nan a matsayin ɗalibi. A lokacin ya haura shekara 40, sunansa ya riga ya cika Nijar da Arewacin Najeriya, yana iya zamansa a Yamai yana kaɗa gurmi a bukukuwa har ƙarshen ransa. Ya koyi kiɗan, ya koyi waƙoƙin da harshen da ba nasa ba, tsohon ya danƙa masa biram, bai kuma daɗe sosai ba ya rasu. Barka ya dawo da shi cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, inda ya yi aiki, sannan ya fita da shi duniya tare da abokinsa Umaru Adamu mai buga duma da kalangu da ƙwarya. Sun hau dandalin bikin WOMAD a Ingila a 2008, faifan da ke hannuna kuma kamfanin World Music Network ya fitar da shi a 2009.

A nan Barka ya rabu biyu. Jaridun Turai da suka ba da labarin mutuwarsa gwanin biram na ƙarshe suka yi wa makoki, gurmi sai a layi ɗaya. Mu kuma daga Jibiya har Maraɗi mai gurmi muke jimami, da yawanmu ba su taɓa jin kalmar biram ba. Kawu bai ɓoye ba, ya ce da farko haushi ya ji. "Na ce ya bar mu ya koma yi wa Nasara kiɗa. Abu ba a rawa da shi, ba a gane abin da yake faɗi." Ya ce sai da aka fara kawo labarin Diffa ta bakin tafkin, musamman a 2015 da hukuma ta kwashe mutanen tsibirai bayan harin Boko Haram a Karamga, dubban masunta suka fito da ƙafa suka bar jiragensu da shanunsu, sannan ya sake ɗauko faifan ya saurara da wani kunne. Tafkin da ya haifi kiɗan ya riga ya janye daga inda yake a shekarun 1960, yanzu ga mutanensa a sansanin gudun hijira. Da Barka ya yi jinkirin shekara kaɗan, da ba wanda zai tarar.

A ganina wannan ne babban aikin da ya yi a rayuwarsa, kuma shi ne wanda mutanensa suka fi jahilta. Gwanintar yatsa baiwa ce, Allah yana ba wanda ya so. Amma shahararren mutum ya sauke girmansa ya je ya durƙusa gaban tsohon masunci don kada wani abu ya ɓace, wannan zaɓi ne, kuma irin zaɓin da tsarinmu ba ya koya wa kowa. A Sifaniya yaron da ke son ya bi sawun Paco zai sami aji da malami da takardar shaida, UNESCO ma ta sa filamenko cikin gadon al'adun duniya tun 2010. A nan sai dai a dace da mutum ɗaya mai zuciya. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce ai an ɗauka a faifai, ba zai ɓata ba. Kawu ya girgiza kai ya ce faifai ba ya gyara wa yaro yatsa.

Muka sa faifan a wata tsohuwar na'ura da jikansa ya aro a maƙwabta. Amon biram mai kauri ne, yana tafiya a hankali, ba ya tsalle irin na gurmi, kalangun Umaru yana bin sa a baya. Matan gida suka leƙo suka koma, wata ta ce ita dai a sa mata na da. Aka sa mata na da, gida ya ɗauka.

Washegari Lahadi na juyo, na faɗa cikin cin kasuwar Jibiya. Tun daga Magama hanya ta cushe da amalanken shanu da motocin gero da wake da aya, tumaki da awaki daga ƙauyukan Nijar, kayan roba da gishiri da taki suna yin arewa. A bakin kasuwa, kusa da masu cajin waya, na ga rumfar wani yaro mai tura waƙa, da kwamfuta da lasifika biyu suna amayar da waƙar siyasa. Waɗannan su ne magadan sana'ar Kawu. Na ce masa yana da Maman Barka?

"Baba, tun ran Alhamis shi ake ta nema. Wanne za a sa maka?"

Ya buɗe jaka cike da waƙoƙin gurmi, wasu an kwafo su daga kaset har ana jin shuuu a bayansu. Na ce na biram nake so.

"Na wa?"

Na ciro wayata, inda jikan Kawu ya juye mini faifan da daddare, na sa masa. Ya rage ƙarar lasifikarsa ya kara a kunne. Ya ce muryar dai ta Barka ce, amma wannan ai kamar kiɗan mutanen Mali. Na ba shi labarin tafki da tsohon masunci a taƙaice, yana saurare yana kallon masu jiran layi. Da na gama ya ce in tura masa, in ba damuwa.

Na tura. Ya yi ta jujjuya linzamin kwamfuta yana neman inda zai ajiye, ya wuce jakar 'yan Mali, ya wuce ta Larabawa, daga ƙarshe ya jefa shi cikin ta Barka, ƙarƙashin waƙoƙin gurmi.

"Ba wanda zai tambaya," in ji shi. "Amma duk wanda ya ce in cika masa Barka, da shi zan haɗa. Na gaba, kawo wayarka."